Juma'ar Lado

Ran Lahadi aka haife shi, shi ya sa ake ce masa Lado, kuma iyakar abin da Lahadi ta taɓa yi masa ke nan. Sunansa na yanka Haruna, amma ba mai kiransa da shi. Mutumin Kurugu ne a ƙasar Karaye, gajere, mai faɗin kafaɗa da ƙananan idanu. Ba kyakkyawa ba ne, ba kuma haziƙin da ake ba da labari ba ne. Abin da yake da shi naci ne, sai kuma yarda da cewa in mutum ya raba abu daidai, kowa zai ƙyale shi ya zauna lafiya. Wannan yardar ce ta kayar da shi.

Gidansu gidan gandu ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani. Gandu shi ne babbar gonar gida, wadda duk namijin da ya isa riƙe fartanya yake nomawa a ƙarƙashin maigida, a ci daga rumbu ɗaya, maigida ya biya wa kowa haraji, ya yi wa kowa aure. Amma ba dukan mako ake ba gandu ba. A gidan su Lado, Talata da Juma'a na mutum ne. A ranakun nan kowa sai ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya noma a ciki nasa ne, ya ci, ya sayar, ko ya ba wanda ya ga dama. Maigida ba ya aiken mutum ranar gayauna, ba ya tambayarsa ina za shi. Ko barci ya wuni yana yi, shi da cikinsa.

Uban Lado, Malam Daudu, shi ne maigida a lokacin. Shi ya yanka wa ɗansa gayauna a gefen gandu, a gindin wata ɗorawa inda Fulani suke kwana da shanu da rani, aka dasa gamba ta zama iyaka. Lado ya yi elementare a Karaye, ya taɓa makarantar Midil a birni, ya dawo ya shiga gandu kamar kowa. Da Daudu ya rasu, ƙaninsa Dogara ya zama maigida. Uwar Lado, Sabuwa, ta ƙi sake aure, ta ce ta tsufa da koyon halin wani namiji. 'Ya'yanta maza duk sun koma tun suna goye, sai Lado. Ya gina mata ɗan rumbu a bayan ɗaki, duk abin da gayauna ta bayar nan yake shiga. Matar da mijinta ya mutu, in tana da rumbu, mutum ce. In ba ta da shi, sai ta zauna ta jira a auno mata, ta yi godiya ko da rabinsa tsakuwa ce.

Shekaru kaɗan bayan sojojin da suka je Bama sun dawo, En'e ta ce tana neman malaman elementare. Duk wanda ya taɓa Midil a tura shi kwalejin horar da malamai, shekara biyu. Saƙon ya bi ta hakimi, ya bi ta dagaci, ya sauka a zauren Dogara. Irin wannan saƙo ba shawara ake nema da shi ba.

Ana jibi zai tafi, Lado ya durƙusa a zaure.

"Baffa, gonar fa?"

"Wace gona?"

"Ta gindin ɗorawa."

Dogara yana gyara ƙotar garma, bai ɗago ba. "Gayauna ladan gandu ce, Lado. Kai kuwa ka kwashi kwanakinka za ka kai wa Nasara."

"Ba ni na kwasa ba, Baffa. Kwasa aka yi."

"Na sani, shi ya sa ban ce a karɓe ba. To ka saurara. Muddin hannunka ne ke nome ta, taka ce, ba ruwana. Amma ranar da fartanyar gandu ta shiga cikinta a ranar gandu, ta dawo gida. Haka na tarar. Haka ubanka ya yi wa ƙaninmu da ya tafi cirani ya ƙi dawowa. Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

Dogara ba azzalumi ba ne. Da azzalumi ne, da an samu wanda za a zaga a huce. Mutum ne mai bakuna da yawa a kansa, wanda bai taɓa ƙara wa ƙa'ida ko rage mata ba.

Kwalejin tana kan hanyar birni, tafiyar rabin yini a keke, kuma Lado yana da tsohon keken da ubansa ya bari. Wuri ne na dogayen ɗakuna masu rufin kwano, da filin ƙwallo, da guntun ƙarfen hanyar jirgi da aka rataye a jikin bishiyar maina. In aka buga ƙarfen nan a tashi, in aka buga a ci, in aka buga a yi shiru. Ana karatu daga Asabar zuwa azahar ɗin Alhamis. Juma'a ba aji.

Malamin da ke kula da ɗalibai ana ce masa Maiturare. Ƙamshinsa yakan riga shi shiga ɗaki, don haka bai taɓa kama kowa yana laifi ba, wasu ma suna cewa da gangan yake shafawa. A makon farko ya tsaya gaban allo ya zana ɗakuna bakwai da alli.

"Wannan shi ne mako," in ji shi. "Malamin da bai iya raba makonsa ba, ba zai iya raba wa yara yini ba. Akwai karatu, akwai wasa, akwai wanki, akwai ibada, akwai hutu. Kada wani ya cinye wani. Kamar tuwo da miya ne, mai hankali tare yake ƙare su. Kowa ya fito ya nuna mana yadda zai raba nasa."

Lado ya ji wani sanyi a ransa. Tun da ya zo wurin nan, sai yau aka faɗi abin da ya riga ya sani. Ashe Nasara ma gandu yake yi. Da aka zo kansa ya karɓi alli ya cika ɗakuna shida tsaf, ya bar na Juma'a fari.

"Nan fa?" in ji Maiturare.

"Wannan tawa ce, Malam."

Aji ya kwashe da dariya. Wani ɗan birni mai suna Sulle ya ce, "Allah ya ja zamanin mai Juma'a! A ba mu aro mu yi salla." Maiturare ya murmusa, ya karɓi allin, ya rubuta hutu a cikin ɗakin. Lado ya duba, ya gyaɗa kai. A ganinsa hutu shi ne sunan gayauna a boko. Nan kuskuren yake, kuma ba wanda ya lura, har shi Maiturare.

Ya tsara makonsa kamar mai ɗaure dami, ba inda iska za ta shiga. Wankin da sauran suke yi ran Juma'a, shi ran Laraba da la'asar yake yi. Lokacin da ake zama dara a gindin maina, shi yana gefe da littafin lissafi. Ƙwallo dole ce a kwalejin, don haka ya nemi tsaron gida, ya tsaya tsakanin sanduna yana tanadin ƙarfinsa, sauran suna ta gudu kamar an sako awaki. Ran Alhamis ana idar da azahar sai ya je wurin Maiturare ya ce zai je gaida tsohuwa. Ba ƙarya ya yi ba, yana gaishe ta. Ya hau keke, inda yashi ya tura, inda rafi ya kawo ya ɗora keken a ka ya tsallake, ya shiga Kurugu ana kiran magariba. Da asuba yana gona. Ba ya miƙewa sai rana ta zo tsaka. Ya watsa ruwa a bakin rijiya, ya samu Juma'a a Karaye, ya juya kan keke, ya isa kwaleji kafin a kira suna.

Wanda ya tsara hutun ƙarshen zango na kwalejin bai taɓa riƙe fartanya ba, don kullum sai an gama noma yake faɗowa. Saboda haka shuka da noma da maimai duk a safiyar Juma'a Lado ya yi su. Aikin da 'ya'yan Dogara suke yi wa gayaunarsu a kwana biyu, shi a rabin yini yake yi.

Sulle ya kama hannunsa wata rana a wurin cin abinci, ya ɗaga shi kowa ya gani. "Jama'a, wannan tafin hannu ne ko kofaton jaki? Malam Lado, in ka mari ɗan mutane da wannan ai sai gaban alƙali."

"Naka kuwa ko ƙuma ba zai kashe ba."

"To ni ƙuma na zo kashewa? Ni kujera na zo nema, ɗan ƙauye."

"Kujerar za ka ci in yunwa ta zo?"

"A'a, zan aiko maka, ka auno mini."

Shekarar farko ta yi kyau. Dawa ta yi kai, wake ya bi ƙasa, rumbun Sabuwa ya cika har sai da aka danna da ƙafa. Dogara ya bi ta bayan ɗakinta ya gani, da yake akwai wasa tsakanin mace da ƙanin miji, ya ce, "Matar Yaya, an ce rumbunki ya yi ciki."

"Ya yi, kuma ba naka ba ne."

"Za a kira mu suna dai?"

"Ka zo da ƙwaryarka, na san ba ka raina gayya."

Ran nan Lado ya koma kwaleji yana jin ya fi Maiturare iya raba mako. Kowa ya samu nasa: Nasara ya samu, Inna ta samu, Baffa bai rasa komai ba. Bai lissafa jikinsa a cikin masu rabo ba, kuma jiki ba ya yafe nasa.

A shekara ta biyu karatu ya yi nauyi, ga jarrabawar fita tana tafe, ga gwajin koyarwa a 'yar makarantar da ke jikin kwalejin. Damina ta sauka da wuri. Lado ya rame, wuyansa ya fito, ran Asabar kuwa sai ka ga idonsa kamar an zuba barkono. Wata Asabar aka ba shi 'yan aji ɗaya ya koya musu ranakun mako. Ya rubuta a allo, ya ce su bi shi, suka kama rerawa: Asabar, Lahadi, Litinin. Ya ce bari ya ɗan zauna a kan benci. Yaran suka kai Juma'a, ba wanda ya ce su tsaya, suka koma Asabar. Suka yi ta zagaye kamar jakin rijiya, murya tana dushewa, malaminsu ya jingina da bango baki buɗe. A haka Baturen kwalejin ya shigo ya same su.

Aka kira shi ofis, Maiturare yana tsaye a gefe. Baturen dogo ne mai jan wuya, a littafi ya koyi Hausa, yana yin ta kamar mai taka ƙaya.

"Lado, don me ka yi barci a gaban 'ya'yan mutane? Ba ka da lafiya?"

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe."

"Jiya ranar hutu ce. Me ka yi jiya?"

Lado bai ga abin ɓoyewa ba. Ya faɗi keke, ya faɗi gona, ya faɗi rumbun uwarsa. Ya yi bayanin gandu da gayauna a hankali, yadda ake yi wa baƙo. Ya ce shi bai taɓa cin ko safiya ɗaya ta kwaleji ba, duk abin da ya yi a ranarsa ya yi.

Baturen ya saurara har da karkata kai. "Ga-ya-u-na," in ji shi, ya maimaita sau biyu, ya tambayi Maiturare ko da wannan kalma a Sakkwato. Ya ce al'ada ce mai kyau ƙwarai, madalla. Ya ji daɗin kalmar, sannan ya hana abin. Ya ce ranar hutu domin hutu ce. Gwamnati tana ciyar da ɗalibi don ya zo aji da ƙarfinsa, ba don ya kai shi gona ya dawo mata da ɓawo ba. Daga yau har a gama jarrabawa, wajen wata guda ke nan, Lado ba zai fita ƙofar kwaleji ba sai masallaci. In ya fita, kada ya dawo, kuma za a sanar da hakimi dalili.

A waje Lado ya tari Maiturare. "Malam, ai Juma'a tawa ce. A gabanka na faɗa."

"Ka faɗa, muka yi dariya. Da na san da gaske kake, da tun ran nan na gaya maka." Maiturare ya rage murya. "Gandun Bature ba shi da gayauna, Lado. Hutun ma nasa ne, ajiya ya ba ka. Kamar mai jaki ne da ya sauke masa kaya ya ɗaure shi a inuwa. Ba don jakin ya je sha'aninsa ba ne, don gobe ne."

"To gonar fa, Malam? Yanzu ake noman farko."

"Taura biyu ba ta taunuwa. Ka tauna wadda ke bakinka."

Lado ya auna. In ya tafi, hakimi zai kira dagaci, dagaci ya kira Baffa, a ce gidansu ya watsa wa En'e ƙasa a ido, shekara biyu kuma ta tafi a banza. In ya zauna, wata ɗaya ne. Ya riga ya nome kusan rabin gonar. Ciyawa za ta sha kan sauran, amma dawa tana da rai, in ya dawo ya bi ta da maimai za a samu wani abu. Ya samu wani mai kai gishiri kasuwar Karaye ya ba shi saƙo: Inna ta yi haƙuri, kada kowa ya taɓa gonar, ko ta zama daji.

Watan nan kuwa sama ta buɗe, yau ruwa gobe ruwa. Ran Juma'a Lado yakan kwanta a gadonsa kamar yadda aka umarce shi, yana jin ruwa a kan kwano, yana ganin ciyawa tana tashi a cikin idonsa. Bai taɓa gajiya irin ta ranakun hutun nan ba.

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe, ko abinci bai tsaya ci ba. Ya hau keke, da ya iso Kurugu bai shiga gari ba, ya ratse ta hanyar gona. Tun daga nesa ya hango ɗorawa, a ƙarƙashinta dawa kore shar, ta kai ƙugu, ƙasa a share kamar tsakar gidan amarya. Sai da ya yi hamdala, don ido ba shi da hankali. Da ya matso ya ga sawaye, manya da ƙanana, na mutum da yawa. Ya ga kunyoyin sun miƙe daga cikin gandu sun ratsa har gindin ɗorawa ba tare da sun karye ba. Ya nemi gambar iyaka, ya same ta a tare a gefe, saiwa a sama, ta bushe.

Ya tarar da Sabuwa a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta tambayi malamai. Sai da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Inna, saƙona bai iso ba?"

"Ya iso."

"To wa ya sa su?"

"Ni."

Ba ta daina tsintar waken ba.

"Na shiga gonar da kaina," in ji ta. "Na yi kwana biyu, na uku sai ɗauko ni aka yi, bayana ya ƙi miƙewa. Gayya kuwa da me zan ciyar da mutane a tsakiyar damina? Na je wurin Baffanka na ce ya ba ni yara ran Talata. Ya ce Talata ba tasa ba ce, ba shi da iko da ita, in tambaye su. Na bi su ɗaya ɗaya. Kowa ya ce ciyawa ta ci tasa gayaunar, kuma ba ƙarya suka yi ba. Na koma na ce to ya ba ni ranar da yake da iko da ita."

"Bai gaya miki ba?"

"Ya gaya mini. Har sau uku ya ce, matar Yaya, kin san abin da kike roƙo? Ko wasa bai yi mini ba ran nan."

"Inna, da kin bari. Ko dawar ta mutu, ƙasar tana nan. Baɗi sai in sake."

Sai a nan ta ɗago. "Kai ba ka gan ta ba. Ta yi ja, ta lanƙwashe, kamar yaro mai zawo. Na binne 'ya'ya huɗu ina kallo, ba abin da zan iya. Wannan akwai abin da zan iya. Abinci ba ya mutuwa a gabana don a ce gonar wane ce. In laifi ne, na yi. Ga ruwa can, ka wanke ƙafarka."

Da la'asar ya je zaure. Dogara ya yi masa barka da gama karatu, ya sa aka kawo fura. Lado bai sha ba.

"Baffa, ni ban saki gonar nan ba. Tsare ni aka yi."

"Na sani."

"A ranata nake nome ta. Ban ci ranar kowa ba."

"Ranarka?" Dogara ya dube shi, ba da fushi ba. "In taka ce, ya aka yi wani ya hana ka ita? Ni nan, da nake maigida, ban isa in hana ɗan cikina Talatarsa ba, uwarka ta gani. Wanda ya iya hana ka rana, tasa ce. Shekara biyu kana noma da ranar aro, ban ce komai ba."

Lado ya ce, "To mece ce hanyar dawowa?"

"Hanyar da kowa ya bi. Ka kawo kwanakinka biyar cikin gandu, damina guda cur, daga sassabe har girbi. Ranar da aka ɗaure dami na ƙarshe, da hannuna zan dasa maka gambar. Uwarka kuwa ba za ta kwana da yunwa a gidan nan ba."

Ba ta kwana da yunwa ba. Kowace safiya ana auno mata daga babban rumbu, tana cewa an gode. Ɗan rumbunta ta cinye abin da ya rage a ciki, kaji suka mai da shi wurin ƙwai, damina ta uku ya rufta. Ba ta sake yi wa Dogara wasa ba, shi ma bai sake nema ba. Lado yakan kawo mata zane da goro da sukari daga albashinsa, ta karɓa ta sa albarka ta tura ƙarƙashin gado. Ba abin da ta rasa ke nan ba. Ta rasu kafin Turawa su tafi.

Jarrabawa kam ya ci. Aka tura shi ƙasar Rogo, ya koyar a Ruwan Bago, aka mai da shi Gwangwan, aka sake dawo da shi. Ya auri wata mace mai haƙuri ana ce mata Saude, suka yi ta zama a gidajen aro. Malami ne mai tsanani, ba ya makara, ba ya dariya a aji. Waɗanda ya koyar sun ce yakan zana musu ɗakuna bakwai a allo ya cika shida, in yaro ya tambayi na bakwai sai ya sha ranƙwashi. Duk sallar da ya je gaisuwa Kurugu, Dogara yakan ce, "Gonarka tana nan." Shi kuma ya ce, "Ina tafe, Baffa." Ya taɓa roƙon a haɗa masa hutun makaranta na shekaru a lissafa damina guda. Dogara ya ce ba a ɗinka damina da ƙyalle. Turawa suka tafi, ƙarfen da ke jikin bishiya bai tafi ba, kuma wanda ya gaji bugunsa bai rage ko kwana ɗaya ba.

Dogara ya tsufa ƙwarai kafin ya rasu. Lado ya je ta'aziyya, ya gaya wa babban ɗan marigayin, Mijinyawa, cewa saura kaɗan ya ajiye aiki. Mijinyawa ya ce Allah ya nuna mana. Da lokacin ya yi, gemu fari fat, Lado ya shiga kasuwar Rogo ya sayi sabuwar fartanya, ya ɗaure ta a bayan keke, ya isa Kurugu ana shirin sassabe. Ya sami Mijinyawa a zauren.

"Na kawo kwanakina."

"Waɗanne kwanaki, Yaya?"

"Biyar ɗin. Na gandu."

Mijinyawa ya dubi fartanyar, ya dubi tsohon, ya so ya yi dariya, kunya ta hana shi. "Yaya, wane gandu kuma? Ai tun girbin da Baba ya rasu muka raba, kowa ya kama tasa. Yanzu wa zai yi wa wani noma?"

"Ta gindin ɗorawa fa?"

"Ta faɗo a rabon autanmu. Ya sayar wa wani mutumin Karaye, ya tafi birni. Ɗorawar ma an sare."

An raba ne tsakanin waɗanda fartanyarsu ke ciki, aka ce Lado mai albashi ne. Da ya kai ƙara gaban alƙali, wataƙila da ya samu wani abu ta wajen ubansa. Bai kai ba. Shi ba rabon gado ya zo nema ba, sharaɗi ya zo cikawa, kuma wanda ya gindaya sharaɗin yana ƙasa. Ya jingine fartanyar a bangon zauren, ya hau kekensa.

Ya ƙare kwanakinsa a Rogo, a kan wani dakali kusa da masu gyaran keke. Ba ya zuwa ko'ina, ba mai buga masa ƙarfe. Mutane sun san shi da sanin lissafi, don haka wani lokaci mai wucewa yakan tsaya ya ce, "Malam Lado, yau wace rana ce?"

Sai ya ce, "Tawa ce. Kana so?"